Kwalaben da Ɗana Ya Bari

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyyar Sinadarai na jami'ar da ɗana ya yi karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da na dame ka, kuma a bainar jama'a, ta wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Da akwai wata hanya, da ban bi wannan ba.

Ni ce mahaifiyar ɗalibinku ɗan Anka da ya rasu a hatsarin mota bayan Babbar Sallah. Bincikensa a wurinku kan wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai masu halin maganaɗisu, waɗanda launinsu kan sauya idan haske ya taɓa su. Haka ya bayyana mini ina tankaɗe, yana yi mini dariya wai Inna ta kusa zama farfesa.

Ga abubuwan da suka sa na rubuto. Na farko: direba aka ba kayansa ya kawo daga jami'a, ba takarda, ba bayani. A cikin jakar akwai ƙananan kwalabe, da gari shuɗi da ja a ciki, yana ƙyalli.

Na biyu: mu nan mun san gari mai ƙyalli. Shekarar gubar dalma, wadda garin dutsen zinariya ya jawo, ƙannensa biyu muka binne. Don haka na sa kwalaben a tukunya, na liƙe bakin da laka, na kulle ɗakinsa. Ɗiyarsa Hafsatu, da ba ta daɗe da fara tafiya ba, kullum sai ta je ta buga ƙofar.

Na uku, wanda ya fi damuna: liman ya ce ba a raba gado sai an fitar da amanar mutane. In kwalaben nan naku ne, to ɗana yana kwance da haƙƙin wasu a kansa, ni kuma ina riƙe da shi a tukunya.

Na huɗu: na zo da ƙafata. Mai gadi ya tambaye ni sunan ɗalibin. Ɗan fari ne, ranka ya daɗe. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Na ce yaron nan na Anka, dogo, mai maganaɗisu. Ya ce ba su da mai wannan suna, in matsa in ba mota hanya. Ban ga laifinsa sosai ba. Amma daga baya ƙanena ya zo da sunan a rubuce, aka ce ka yi tafiya, za a neme mu. Har damina ta wuce, shiru.

Roƙona kaɗan ne. A gaya mini ko garin nan yana cutarwa. In naku ne, a aiko a karɓa, a ce an yafe masa. In nasa ne, a faɗa, in ajiye wa marainiyarsa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya raya maka zuri'a, kada Ya nuna maka irin wannan jaka.

Don kada a sake cewa ba a san shi ba, yau na ajiye kunya: sunansa Murtala.

Don Allah a amsa mini da wuri.

Wassalam,
Innar Murtala, Anka.