Zabina Biyu da Gonar Idi

Laraba da dare, Sandamu

Yau na ga ta kaina. Masu binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa da suka zo daga jami'a, zabi biyu na yanka musu don su raɗa mini inda ruwa yake kusa, in riga kowa sayen wurin. Sai da shugabarsu ta gama da cinya ta ce, "Baba, gonar maƙwabcinka Idi ce. Amma aikin da kuɗin gwamnati ne, dole sakamakon ya hau intanet kowa ya gani."

Na ce a raina, ina Idi ina intanet? Na manta yana da jikoki.

Ɗazu na taya gonar. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ba ta sayarwa ba ce. Amma in na haƙa rijiya, aiko a ɗebar wa sauran zabin."