Layin Adireshi Ya Raba Ni da Maniru

Gwaggo Rabi, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da abin zai ba ki dariya kamar yadda ya ba yayana.

Ina gyaran kwamfuta a Bodinga. Duk yankinmu mutum ɗaya na sani mai sha'awar rubuta manhaja kamar ni, Maniru, malamin firamare a Shagari. Ran da munka haɗu ya kawo min gyara ne, hira ta ɗauke mu har ya rasa motar komawa. Daga baya muka fara haɗa manhajar adana fayiloli da Hausa, saboda malamai da ke ɓatar da ayyukansu cikin kwamfuta. Tana buɗe shafuka da yawa a jere, kowanne da foldarsa.

Rigimar a kan layin adireshi ne, wato gurbin da ke nuna wa mutum inda yake. Na ce a sa shi ƙasan shafukan, tunda kowane shafi da nasa adireshin. Shi kuwa ya ce a can sama, domin nan idon mai koyo ke fara zuwa. Muna cikin jayayya sai na buɗe aikin wata safiya, na tarar ya mayar da shi sama bai faɗa min ba. Ni ma na dawo da shi ƙasa ban faɗa masa ba. Ya turo min cewa in gama kayana tunda na fi shi sani. Tun kafin damina ke nan, yanzu har an yanke gero ban ji muryarsa ba.

Gwaggo, a da in na gano wata dabara shi nake kira, ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Yanzu sai in ɗaga waya in aje. Matata Asabe tana saurare na, Allah ya saka mata, amma ina ganin hankalinta na kan tukunya. Na shiga wani zauren intanet na masu wannan aiki, ba wanda ya tanka min. Ran kasuwa in motar Shagari ta tsaya, sai in tsinci kaina ina duban masu sauka.

Makon jiya an yi sunan 'yarsa. A bakin wani direba na ji.

Har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. In je ne, ko in jira shi?

Naka,
Mai Gyara, Bodinga

Ɗana Mai Gyara,

Ban yi dariya ba. Samun wanda ke jin yarenka a irin wannan aiki ba ƙaramin abu ba ne, rasa shi kuma dole ya yi ciwo.

Na tambayi masana, sun ce akwai manhajojin da ke bin tsarinka, akwai masu bin nasa. Kai ka duba yadda aikin ya dace ya kasance, shi kuma malami ne, ya duba wanda zai zauna gaban kwamfuta karon farko. Maniru ya yi kuskure da ya canza ba shawara. Amma kai ma ka rama a ɓoye, kuma wannan maganar tasa ta wanda ya daɗe yana jin ana raina iliminsa ce. Ka yi tunani a kai.

Ka je Shagari cikin makon nan. Ka tafi da Asabe ta yi wa maijego barka, kai ka ɗauki jaririya ka yi mata addu'a. Ka bar kwamfuta a gida. Kada ka tambayi dalilin rashin gayyata, wataƙila shi ma nauyinka yake ji.

In zumunci ya dawo, ku kai samfuri biyu gaban malaman da kuka yi dominsu, ku yi shiru ku ga inda suke lalube. In ra'ayinsu ya rabu, ku bar kowa ya zaɓa daga saitin manhajar. Sannan ku yi alkawari ba mai taɓa aikin sai ɗan'uwansa ya sani.

Yana iya karɓarka da sanyi a zuwan farko. Ka jure, ka sake komawa. Allah ya raya yarinyar, ya daidaita tsakaninku.

Gwaggo Rabi