Muryarka Ba Ta Tari

Zuwa ga Baban yara, inuwata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, hasken idona,

Bayan gaisuwa mai yawa. Babban yaronmu lafiyarsa lau, Auta ta warke daga mura, Inna dai ƙafar ce har yanzu. Ni ce ba lafiya, kuma ciwon ba na asibiti ba ne. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da girmana na fara riƙe biro.

Yaran nan sun ja ni kallon wani shiri a talabijin, kowane mako da labarinsa daban, duk a kan zamanin da na'ura za ta mallaki mutane. Na makon jiya ne ya hana ni sakat. Wani kamfani ya kwashi ma'aikata zuwa nesa ya kulle su, na'ura tana aika wa matansu saƙo da muryarsu, su kuwa suna ta murna. Babban ya yi dariya, wai Mama fim ne fa. Auta ta liƙe kyamarar wayarta da takarda. Matar tela maƙwabciyarmu, da muke kallon tare, ta ce ita da za a ba ta miji na inji wanda ba ya faɗa, da ta karɓa hannu bibbiyu. Kowa ya dara ya tashi. Ni kaɗai aka bari cikin labarin.

Na koma na saurari saƙonninka tun daga tafiyarka aikin ginin nan. Muryarka garau kamar ruwan sama, babu tari! Ina tarin da ƙurar siminti ta sa maka? Ka tuna ranar da ka riƙe hannuna kana koya mini rubuta sunana, tari ya sarƙe ka, biron ya zarce har kan zanena, muka yi dariya har da hawaye? Wanda ke magana a wayata bai san wannan ranar ba.

Wayyo, abin ƙaunata! Warkewa ka yi, ko goge saƙon kake in ka yi tari kana sakewa don kada in damu? Ko kuwa ba kai ba ne? Ina zaga ɗakin nan kamar kaza a akurki, ƙofa a buɗe amma babu inda zan je in tambaya.

Direban da ya kawo maka wannan zai juyo ranar Alhamis. Don Allah ka ba shi amsa kafin nan, da rubutun hannunka, kada ka turo murya. In kuwa dole sai ka kira, to ka yi tari ko sau ɗaya ne. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah in ji shi ba.

Taka ce ni, da tari ko babu, har ƙasa ta rufe idona,
Maman yara