Sifili a Gaban Sunan Kawu

Umma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Abin da kika ji gaskiya ne, an sayar da kamfaninmu na zanen katun. Babban kamfanin nan mai gidajen sinima ne ya saye mu ranar Litinin. Sun turo mana manaja mai ƙamshi kamar an fasa shagon turare. Ya tsaya gaban kwamfutata ya ce, "Wannan karen ya yi kyau." Umma, akuya ce. Ita ce tauraruwar fina-finanmu.

Ya ce mu talatin da ɗaya mun yi yawa. Da yake wata biyu ke nan da na gama jami'a, kuma an ce ba na kuskure, ya sa ni in rubuta jadawalin daƙiƙa nawa kowa ya zana a fim ɗinmu na ƙarshe. Abin da ya ɗaga mini hankali Kawu ne. Aikinsa ido ne kawai. In ka gama naka, sai ya zauna a kujerarka ya gyara inda akuyar za ta ƙifta da inda za ta sunkuyar da kai. A ofishinmu kuwa gyara yana zama ne a sunan wanda ya fara zanen. Na duba sau uku, Kawu ba shi da daƙiƙa ko ɗaya.

Me zan yi?

'Yarki, Auta

*

Auta,

Ƙafa lafiya lau, kanki ne nake wa jaje. Ƙanina da ya kai ki wurin, ya yi ta roƙo har aka ɗauke ki, shi za ki rubuta wa sifili? Ki yagi kaɗan daga masu yawa ki zuba masa. Mutumin da bai san akuya ba, shi zai gano? An tura ki neman ilimi kin dawo mana sikeli.

Allah ya shirye ki.

Ummanki

*

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa.

Na kai wa Kawu shawararki. Ya cire tabarau ya ce, "Daga na wa za ki yaga? Na mai jego, ko na mai 'ya'ya biyar? Rubuta abin da kika gani, sarkin lissafi."

Na rubuta sifili. Amma na haɗa da bayani shafi huɗu, cewa cikin fitowa ɗari huɗu da talatin na fim ɗin, hannun Kawu ya taɓa ɗari huɗu da goma sha biyu. Manaja ya zare jadawalin, ya ɗora kofin shayinsa a kan bayanin. An sallami tara, Kawu ne na farko. Shekara goma sha tara yana aiki a nan, aka sallame shi da hula mai tambarin kamfani. Ba ta ma shige shi ba.

Ki yafe mini.

Auta

*

Umma,

Gaisuwa. Wasiƙata ta uku ke nan ba amsa, amma wannan sai kin ji.

Jiya aka gwada sabon fim ɗin da muka yi bayan tafiyar Kawu a gaban yara arba'in. Akuyar ta zuba musu ido minti shida ba ƙiftawa, kamar kifi a faranti. Yara bakwai suka fashe da kuka, ɗaya ya shige ƙarƙashin kujera. Manaja ya fito yana gumi, wai, "Wa ke kula da idanu a nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yana shafi na biyu, ƙarƙashin kofinka."

Yanzu wai in rubuta wa Kawu ya dawo. Na rubuta.

Auta

*

Sarkin lissafi,

Na ga saƙo. Ki gaida manaja, ki ce na duba jadawalinsa, mai sifili ba shi da abin da zai dawo ya yi.

Ummanki ta huce. Na gaya mata ni na hana ki, ta juyo kaina. Ki zo ranar Asabar.

Akuyar kuwa, ki sa ta ƙifta kafin ta juya kai, ba bayan ta juya ba. Wata biyu kina kallon hannuna, na gan ki. Ki zauna ki gyara, amma wannan karon ki sa sunanki.

Kawunki