Shayin Da Baba Ya Ƙi Sha

Quthing, 6 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana, Baban Limpho,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin ramin ma'adinai, ya kuma tarin nan naka? Mu lafiya lau, Limpho na gaishe ka.

Yau wata biyu da yi wa mahaifinka aikin ƙugu. Ƙarfen da likitoci suka sa ya zauna, Baba yana dogara sanda har bakin garke, yana yi wa dokinsa alkawarin hawa kafin Kirsimeti. Zuwa bayan gida ne kawai matsala, hanyar gangara ce, dole sai an riƙe shi. Ka san ni suruka ba ni da wannan hurumin. Shekara goma sha ɗaya ina gidanku, ko sunansa ban taɓa kira ba, balle in taɓa jikinsa. Maƙwabcinmu Ntate Lebusa ke kai shi, ga shi an fara askin tumaki, tun safe yake fita sai yamma.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. Baba mai shanye butar shayi shi kaɗai, yanzu kofi ɗaya ma sai ya rage. Na tambaye shi daga bakin ƙofa, wai shayina ne ya lalace. Shayina fa! Kwana biyu ina kumbure-kumbure.

Taka har kullum,
'Malimpho

Maseru, 19 ga Oktoba

Baban Limpho,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Kada hankalinka ya tashi, amma muna asibiti.

Ranar Talata na kai wa Baba tuwo, na tarar yana rawar sanyi cikin bargo biyu, ya kasa ɗaga ƙafa. Na daɗe a tsaye. Daga baya na ajiye kwanon, na ɗora hannuna a goshinsa. Zafi kamar murhu. Ya runtse ido don kunya, ni ma kunyar ce ta kama ni, amma ban janye hannun ba.

Ashe shayina ba shi da laifi. Daina sha ya yi don kada fitsari ya matse shi alhali daga ni sai shi a gida. Yini guda yake riƙewa har Ntate Lebusa ya dawo. Ya fi mako yana jin zafi in zai yi, ya rasa bakin gaya min. Likita ta ce ciwon mafitsara ne, ƙwayoyin cutar suka bi jini suka je suka laƙe wa ƙarfen. Ba kowa yake samun haka ba, amma in ya faru ba wasa. Jiya sun buɗe wurin sun wanke, suna ba shi magani ta jijiya. In bai ji ba, sai sun cire ƙarfen, watakila tafiya ta gagare shi.

Na yi kuka sosai. Mutum yana ƙona kansa don ya mutunta ni, ni kuma ina can ina fushi a kan shayi.

Ka sa mu a addu'a.
'Malimpho

Quthing, 2 ga Disamba

Maigidana abin ƙaunata,

Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Albishirinka: ƙarfe ya tsira, mun dawo gida da buhun magunguna da dokar shan ruwa. Doki kam sai baɗi.

Shekaranjiya da hantsi Baba ya shanye butar shayi kaf, ya ce a ƙaro. Can sai na ji yana ƙwala min kira. Na ce bari in nemo Ntate Lebusa. Ya ce, "Rabu da wannan tsoho, shi ma riƙo yake nema. Hannun da ya taɓa goshina ai na 'yata ne. Matso da kafaɗarki."

Muka gangara a hankali, shi yana kallon duwatsu, ni ina kallon ƙasa. Na jira shi a bayan itacen nan. Da muna hawowa ya ƙara riƙe ni, ya ce a hankali, "Shayinki bai taɓa lalacewa ba."

Har yanzu ban kira sunansa ba, kuma ba zan kira ba. Amma sau biyar muke gangarawa a yini.

Matarka mai kewarka,
'Malimpho