Mai Sayar Da Littattafai Ya Fi Ungozoma Maki

Zuwa ga Malam Darakta,
Cibiyar shirya ma'aikatan lafiya don jarrabawar Ingilishi,
Cité Verte, Yaoundé.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka. Yaya aiki, yaya kuma fama da ɗalibai masu furfura? Allah ya ba da lada.

Sunana Sule. Tsofaffin littattafai nake sayarwa a bakin titi a Messa, gidana kuma yana Briqueterie. Na rubuto da Hausa ne domin na san kana ji. Na taɓa tsayawa bayanka wurin mai suya a unguwarmu, na ji yadda ka yi ciniki, na tabbata ba ka buƙatar tafinta. Na bar wasiƙar a buɗe kuwa domin da yawa cikin 'yan ajinku maƙwabtana ne, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Maganar mai ɗakina ce, Hajiya Rabi, wadda rajistarku ta sani da Madame Rabiatou. Ungozoma ce, ta haura shekara ashirin tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwa. Ranar Litinin kun liƙa sunayen waɗanda za ku gabatar a jarrabawar karatu, babu nata. Ƙa'idarku ta ce sai wanda ya sami talatin cikin arba'in a gwajin share fage, ita kuwa ashirin da huɗu ta samu. Ranar Juma'a za a rufe rajista. Ban zo da faɗa ba. Tambayoyi ne suka cika mini ciki, ga su.

Na ɗaya. Ko ka san abin da take nema da wannan takarda?

Ba Turai za ta ba, kamar yadda matasan ajin suke mafarki. Tun da rikici ya ɓarke a yankunan masu Ingilishi, mata suke ta kwararowa Yaoundé daga wajen Bamenda da Kumba, wasu da tsohon ciki, wasu da goyo, ba su da Faransanci ko na sayen gishiri. A asibitin da take aiki Hajiya kaɗai ke jin Buroka, wato Ingilishin kasuwa da matan ke yi, saboda haka ita ake kira ko ba ranar aikinta ba. Yanzu za a buɗe wa waɗannan mata ɗakin haihuwa na musamman, likitocin wurin da Ingilishi suke rubutu, kuma an ce ba za a ɗauki ungozoma ba sai mai shaidar wannan jarrabawa. Kafin zango na gaba ya zagayo an cike gurbin. Wato aikin da take yi shekara da shekaru ba da takarda ba, takarda ce za ta hana ta shi.

Na biyu. Yaya aka yi na fi ta maki?

Kada ka yi dariya tukuna. Ranar da ta kawo takardar gwajin gida, fuska a murtuke, na kwafe tambayoyin ba tare da na dubi amsoshinta ba. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na ajiye agogo, na ba kaina daidai lokacin da kuke bayarwa. Da muka duba da takardar gyaran da malaminsu ya raba, talatin da uku na samu.

Ranka ya daɗe, ni ban taɓa riƙe allura ba. A unguwar mahauta nake zaune, amma ko ragon layya ake yankawa kaina nake kawarwa. Ingilishina na littattafan da suka ƙi sayuwa ne, waɗanda nake karantawa a ƙarƙashin leda idan ruwan sama ya kori masu saye. Na san kalmar mahaifa a harsuna uku, amma in ka nuna mini ita ba zan gane ta ba. Ga shi ma'auninku ya ce na fi Hajiya cancanta. Tun daga ranar nake tambayar kaina me wannan ma'auni yake aunawa.

Na uku. Na bi kurakuranta ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Misali biyu sun isa.

Akwai nassi a kan rigakafin yara. Marubucin ya ce iyaye mata ba sa komawa allura ta biyu domin mantuwa. Aka tambaya: a cewar marubucin, me ke hana su komawa? Ni na duba layin, na ga mantuwa, na zaɓi mantuwa, na wuce abina. Hajiya ta zaɓi ɓatan katin rigakafi. Da na nuna mata layin sai ta ce, “Baban Sadiya, wace uwa ce ke manta ɗanta? Wadda ta kwana uku a daji da zane ɗaya, kati za ta tsaya ɗauka? Kunya suke ji su zo hannu wofi a yi musu tsawa.” Ta ma rubuta wa marubucin gyara a gefen takarda, da ƙananan haruffa, kamar yadda take yi wa sababbin nas-nas. Wannan gyaran ya ci mata minti biyar.

Misali na biyun ya fi ba ni mamaki. A irin tambayoyin da ake cewa a zaɓi gaskiya ne, ko ƙarya ne, ko ba a faɗa ba, an kawo jimla cewa kada a ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida, nono ya ishe shi. Ta zaɓi gaskiya ne. Amsar ita ce ba a faɗa ba, domin nassin bai taɓo zancen ruwa ba. Ta dube ni kamar ni na rubuta jarrabawar. “Ba a faɗa ba? Ni na faɗa! Shekara ashirin ina faɗa, har muryata ta dishe.”

A nan na fara gane bakin zaren. Mai naƙuda ba ta faɗin komai da komai. Ba za ta ce ta sha jiƙo a gida ba, ba za ta ce tun jiya ruwa ya fashe ba, musamman in uwar miji na tsaye a kanta. Aikin ungozoma shi ne ta ji abin da ba a faɗa ba. Da wannan kunnen Hajiya ta tsamo rayukan da ni ban san adadinsu ba, kuma da shi ta shiga gwajinku. Ta ɗauki nassi kamar majinyaciya mai ɓoye ciwo, tana lalube a bayan magana. Ni kuwa da ban san komai ba, ba ni da abin da zan ƙara wa marubucin. Jahilcina ne ya ci mini tara daga cikin makin nan.

Na huɗu. Kada ka zaci ina cewa jarrabawar banza ce.

Mun yi wannan gardama a gida, kuma ɓangarenku na tsaya, abin da ya jawo mini tuwo ba man shanu. Na ce mata idan likita ya rubuta adadin magani, ai abin da ya rubuta za a karanta, ba abin da aka saba ba. Sai ta ce ai wannan daban, takardar likita ba a yi mata ƙari, in ka ga kuskure komawa kake yi ka tambaye shi. Ashe karatu biyu gare ta, na majinyaci da na takardar likita, kuma ta iya duka biyun. Ba wanda ya taɓa gaya mata wanne ake so a ɗakin jarrabawa.

Wata uku tana hawa taksi zuwa Cité Verte bayan ta tashi aiki. Malaminsu, Mista Tabe, mutumin kirki ne, shi ma rikicin ne ya rufe makarantarsa ya koro shi nan. Ya koya musu kalmomin kwalara da tarin fuka da tsabtar ruwa, ya koya musu karatu da sauri. Amma jan bironsa gicciye kawai yake yi, ba ya faɗin dalili, kuma da ɗalibai cike da aji ban ga laifinsa ba. Abin da nake so in sani, ko a cibiyarku an taɓa zama an dubi su wane ne ke faɗuwa? Na tsaya gaban allonku na karanta sunayen. Waɗanda na sani cikin masu wucewa yara ne da suka gama makarantar nas bara ko bara waccan. Waɗanda aka tsame, irin su Hajiya ne, masu ciwon gwiwa saboda tsayuwa a kan marasa lafiya. Ko dai yawan sani ne cutar? In kuwa ita ce, ai ku ne asibitinta.

Na biyar, kuma a yi mini afuwa. A ƙofarku akwai babban allo mai cewa duk ɗaliban da kuka gabatar sun ci. Da ina wucewa ina jinjina muku. Yanzu da na san yadda ake tace sunayen, sai ya tuna mini da asibitin da ba ya kwantar da kowa sai mai lafiya, sa'an nan ya yi shelar ba a taɓa mutuwa a gadonsa ba. Ban ce da niyya kuka yi ba. Tambaya ce kawai: ƙa'idar talatin ɗin nan, ɗalibi take karewa ko allo?

Na shida. Mun sami magani, kuma Hajiya ce ta gano shi.

Ranar Talata na kwaso mata tsofaffin takardun gwaji daga cikin hajata. Ta ɗaura ɗankwali, ta gyara tabarau, ta ce, “Daga yau in na zauna gaban takardar nan ni ba ungozoma ba ce. Kai ne ni. Ban san komai ba sai abin da ke kan layi.” Ban san ko yabo ne ko zagi ba, na dai riƙe agogo. Ta sami talatin da ɗaya. Jiya Laraba ta sami talatin da huɗu, ta wuce ni da ɗaya, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ta sanar da shi. Ta ce abin da ya fi wuya shi ne ta ga marubuci ya yi kuskure ta ƙyale shi, amma ta lura da aure ya riga ya koya mata wannan.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka ba ta gwaji ɗaya kafin a rufe rajista gobe Juma'a, a ofishinka, a gabanka, da takardar da ka zaɓa da hannunka. In ta kasa talatin, zan rubuta wata wasiƙar a buɗe in ba ka haƙuri. Ka ba sauran da aka tsame wannan dama su ma. Kuma daga yanzu, ranar farko ta kowane zango, a gaya wa tsofaffin ma'aikata a fili cewa su ajiye saninsu a bakin ƙofa tare da lema, ba wanda zai sace shi, za su tarar da shi in sun fito. Jimla ɗaya ce, da ta kai kunnen Hajiya wata uku da suka wuce da ban ɓata maka lokaci ba.

In kuwa ƙa'ida ba ta tanƙwaruwa, to a bi ta har ƙarshe. A gidanmu akwai wanda ya sami talatin da uku a ainihin gwajinku, kuma ni ne. Sai ka sa sunana a gurbinta, in je in ci jarrabawar, a ba ni farar riga a tura ni ɗakin haihuwa. Ranar da wata baiwar Allah daga Bamenda za ta shigo tana cije leɓe, ta ce ba komai, zan duba da kyau in rubuta mata cewa ba a faɗa ba.

Allah ya kiyashe ta da ni. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci cibiyarka da malamanta, ya kawo ƙarshen wannan rikici, Mista Tabe ya koma ajinsa, matan nan su haihu a garuruwansu. Kafin nan, Hajiya za ta iso ƙofarka gobe da ƙarfe takwas na safe, da fensir biyu. Ni zan tsaya a waje, kusa da allo.

Wassalam.

Naka,
Sule mai littattafai,
Briqueterie, Yaoundé.