Na rantsar da 'yar riƙona, yanzu ta ƙi buɗe wa likita baki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, manya da ƙanana, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zan faɗi abin bi da bi yadda ya faru, don ni ban iya magana a hargitse ba.

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, mu huɗu ne a ɗakin likitar yara a wani asibiti a Kano: ni, da ƙanena, da 'yarsa wadda nake riƙo, sai likitar, mace ce. Ta dube ni ta ce, “Mama, ke ce kike tare da ita. A 'yan watannin nan ta yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi?” Na ce a'a. Ta ce in ƙara tunani, ko na kwana biyu ne. Na ce ba ta yi ba. Sai ƙanena ya ce, “Likita, Yayata ba ta ƙarya. In ta ce ba a yi ba, to ba a yi ba.” Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige. Ƙarya na yi, kuma ga dalili.

Ni mutuniyar Garo ce ta ƙasar Kabo. Mijina ya rasu, Allah bai ba ni haihuwa ba, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ƙanena malamin makaranta ne a Gwarzo. Ɗansa na fari ya rasu yana jariri, wanzami ya cire masa beli jini ya ƙi tsayawa, ina wurin aka yi komai. Da aka haifi wannan yarinya, zan kira ta Ummi amma ba sunanta ba ne, aka kawo mini ita yaye, daga nan ya ce, “Yaya, na bar miki ita, ko aurenta ke za ki yi. Sharaɗina ɗaya ne, aska kada ta taɓa jikinta. Ko ƙaho ban yarda ba.” Na ce na ji na karɓa. Uwarta tana raye, kunya ce kawai ta hana ta magana, amma na san ranta bai so ba. Yanzu shekarar Ummi tara. Na raine ta yadda aka raine ni: a tashi, alwala, salla, shara, kunu, makaranta, takalmi a jere a bakin ƙofa. Har “Gwaggo Soja” take ce mini in ta ga ina cikin raha, ubanta ya yi ta dariya yana cewa na fi hedimasta doka.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa bana ta kwanta. Jiki zafi rau, ko yawu ba ta iya haɗiya. Na buga wa ubanta waya na ce jikinta da zafi, ban ambaci wuyan ba, ya ce, “Yaya, asibiti yau ɗin nan, ko kemis kada ki tsaya.” Na ce to. Sai wata maƙwabciyata ta shigo ta leƙa bakin yarinyar ta ce, “Ai wannan beli ne ya sauko. Da an cire mata tun tana tsumma da duk ba a yi haka ba. Ke ba a cire miki ba? Kin mutu?” Jama'a, ni ma abin da ke raina ke nan tun da daɗewa. Mu duk gidanmu an cire mana, ga mu nan da ranmu, na ɗauka na jaririn nan kwanansa ne ya ƙare. Na aika aka kira wanzamin unguwarmu. Yana buɗe zabira yana wasa, wai “Hajiya, a bar wa 'yan boko bokonsu, wuya namu ne tun kaka da kakanni.” Ni na danne ta a cinyata, ni na riƙe mata hannu. Ya yanke, ya shafa garin magani, jini bai yi yawa ba. Da ya tafi na zaunar da ita na ce, “In kika gaya wa Babanki zai ɗauke ki daga gidan nan, kuma ban yafe miki ba. Ce wallahi ba za ki faɗa ba.” Da ƙyar muryarta ta fito ta ce, “Wallahi.” Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, ta koma makaranta. Da ubanta ya zo duba ta na gaya masa ɗan zazzaɓi ne kawai na sauro, an sha magani. Har daɗi na ji a raina, na ce ga shi nan, ni ce da gaskiya.

Wajen wata biyu bayan nan, rana ɗaya, kamar an canja mini yarinya. Da farko kofin kunu ya suɓuce mata, na yi faɗa. Washegari kwano ya faɗi. Sai na ga yatsunta suna rawa su kaɗai, kafaɗa tana zabura, fuska tana yamutsewa, harshe yana fita yana komawa. Na ɗauka gatsine take yi mini. Ni za a yi wa gwalo a gidana? Na ɗauko tsumagiya na zane ta, tana kuka tana cewa, “Gwaggo ba ni nake yi ba.” Na ce to wa yake yi? Sannan malaminsu ya aiko wai rubutunta ya zama kamar tonon kaza, ita da ake nuna littafinta a aji. Sannan alwala. Sai ta yi ta gama, ta ce bai yi ba, ta sake, ta sake, har ruwan randa ya ƙare, fatar hannunta ta yi fari ta tsattsage. Ta koma fitsarin kwance. Ko bayan gida na shiga sai ta tsaya a ƙofa tana kuka kada in ɓace. Mutane suka ce iska ce. An yi ruƙiya, an yi hayaƙi, ta sha rubutu, babu sauƙi. Da na ga abin ya fi ƙarfina na kira ubanta. Yana ganinta ya sa ta a mota sai asibitin Gwarzo, daga can aka tura mu Kano.

Bayan na ce a'a ɗin nan, likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, in ba a kashe ta da maganin asibiti ba, jiki yakan tashi yaƙi da ita, sai ya ruɗe ya afka wa ƙwaƙwalwar yaron, wani lokaci har da zuciya. Ciwon wuyan ya warke an manta, sai bayan makonni yaro ya birkice, hannu na rawa, tsoro, maimaita abu ɗaya. Ta ce ba rashin tarbiyya ba ne, ba da gangan yaron yake yi ba, kuma da can ko a asibiti ba kowa ke haɗa wannan da wancan ba, yanzu ne ake ƙara ganewa. Ta ce in shi ne akwai magani, har da allurar da ake yi wata-wata don a tsare zuciya. An ɗebi jini, amma ta ce in an daɗe jini ba kullum yake nunawa ba, shi ya sa take tambayata. Tunda na ce ba a yi ciwon wuya ba, dole ta nemi wasu cututtukan, za a ɗauki hoton kai, wataƙila har a ɗebo ruwa daga ƙashin bayanta da allura. Sai ta ɗauko 'yar tocila ta ce, “Ummi 'yar gidan Gwaggo, buɗe baki in gani, ce aa.” Yarinyar nan ta dube ni, ta datse haƙora, ta toshe bakinta da hannu biyu tana ihu ta hanci. Ubanta ya lallashe ta, ya yi mata tsawa, ta ƙi. Likita ta ce a ƙyale ta, ma dawo Talata mai zuwa. A mota ubanta yana ta ba ni haƙuri, wai yarinya ta wahalar da ni.

Jiya da la'asar ina yi mata wanka, tana ta zabura a cikin baho, sai ta kama wuyan hannuna ta ce, “Gwaggo, wallahi ban faɗa ba. Ranar da Baba ya zo a zuciyata kawai na faɗa, ban buɗe baki ba. Shi ne Allah ya kama ni? In na ƙara alwala zai yafe mini?” Soso ya faɗi daga hannuna. Ashe duk alwalar nan da take yi har hannunta ya tsage, rantsuwar da na ɗora mata take wankewa? Wace irin uwa ce ni? Na hana ta maganin asibiti, na sa mata aska, na zane ta a kan ciwo, sannan na bar ta tana zaton ita ce mai laifi a wurin Allah. Na ce mata na yafe, na warware rantsuwar, ta faɗa wa duk wanda take so. Ta girgiza kai ta ce, “A'a, Baba zai ɗauke ni.”

Kuma gaskiyarta, zai ɗauke ta. Na san ƙanena, ba zai ɗaga mini murya ba, zai dai ce a haɗa mata kayanta, uwarta kuma ba za ta ƙara barin ta taka Garo ba. Ba ni da kowa sai ita. Har Shaiɗan yana raya mini in ce ta ji sauƙi kada a koma Kano, na yi a'uziyya. Na yi tunanin in ja likitar gefe in gaya mata ita kaɗai, amma ubanta ba ya fita daga ɗakin, kuma ranar da aka haska bakin nan zai gani da idonsa babu beli. In na yi shiru za a soka mata allura a baya a kan ƙaryata.

Talata da sassafe zai zo da mota. Don Allah iyaye da likitocin da ke shafin nan, kada ku tsaya zagina, na riga na zagi kaina. In je Gwarzo gobe in durƙusa masa tun kafin ranar, ko in bari sai a gaban likita inda zai ji kunyar yanke hukunci nan take? Da wane baki zan fara, mutumin da ya ce Yayarsa ba ta ƙarya? Me zan yi?